Goggo da Labari na Bakwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggona, yayar mahaifina, ta rasu wata Laraba da hantsi a ɗakinta na Kaikai, kwana tara bayan an sallamo ta daga asibiti. Kafin in iso daga Katsina har an kai ta makwancinta. Na tarar da tsakar gida cike da mata, an shimfiɗa tabarmi har gindin rumbu, kowacce da abin da take faɗa a kanta.

Wata tsohuwa da ban sani ba ta kama hannuna ta ce, "Ke ce ta birnin? To, mai hwaɗa mana gaskiya ta tahi. Yanzu sai mu yi ta yi wa juna ƙarya har namu lokacin ya zo." Mata suka fashe da dariya, sannan suka tuna inda suke, suka koma salati. Wata mai goyo ta ce Goggo ce ta yanke wa 'ya'yanta uku cibiya, kuma duk ukun sai da ta sha faɗa a kan ruwan wanka bai yi zafi ba. A waje, Baba na zaune cikin maza yana amsa gaisuwa. Da na durƙusa na yi masa ta'aziyya, sai ya ce, "Ta riga ni. Komai sai ta riga ni."

Mutum ɗaya ce ta keɓe kanta daga cikin matan: aminiyar Goggo, wata dattijuwar Bafillatana da duk muke kira Dada. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafafu, kamar wadda aka ba ajiya aka ce ta jira mai ita.

Ni ma na yi kuka kamar kowa, amma nawa kukan da tsoro a cikinsa. Shekara ashirin da shida ina ɗauke da wani laifi da na yi wa Goggo, ban taɓa iya buɗe baki na ambace shi ba, ga shi ta tafi.

Goggo doguwa ce, siririya, mai saurin tafiya da saurin magana. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har daga Kusada ake zuwa sari a gidanta. Mijinta ya rasu tun ina ƙarama, ba ta sake aure ba, kuma duk yadda Baba ya so ta dawo Kankia kusa da shi ta ƙi. Takan ce, "In na taho, wa zai yi wa kajina hwaɗa?" Ba ta da ɗa ko ɗaya a raye, amma ban taɓa ganin gidanta babu ɗan riƙo ba. Tana da rediyo a naɗe cikin tsumma, tana musu da shi kamar mutum. In mai labarai ya faɗi abin da bai kwanta mata ba sai ta ce, "Kai ka gani, ko kai ma hwaɗa maka aka yi?"

Abotarta da Dada ta samo asali ne daga ɓarna. Wata damina shanun mijin Dada suka shiga gonar Goggo suka kwantar da rabin geronta. Mazan unguwa suka taru za a kai ƙara wurin mai gari, har ana ta kumfar baki. Goggo ta fito da hannu duk tunkuza ta ce, "Geron nawa ne ko naku?" Ta juya ga makiyayin ta ce in rani ya yi ya zo ya sauka a gonarta, shanun da suka ci su biya da kashinsu. Haka aka yi. Shekarar da ta biyo baya gonar ta yi geron da ba ta taɓa yi ba, kuma tun daga nan ƙwaryar nonon Dada ba ta wuce ƙofar gidan ba ta tsaya ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka kai ni hutun damina wurinta. A cikin jakata na ɓoye wani littafi da na sata a akwatin yayana, wanda ya zo da shi daga makarantar kwana. Bangonsa ya yage, don haka har yau ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta shi ba. Labarai ne guda tara na ban tsoro, kowanne da zanensa. Nakan laɓe bayan rumbu in Goggo ta tafi kai niƙa, in yi ta karantawa zuciyata na dukan uku-uku. Akwai na baƙon da ya sauka a masallaci aka ga ƙafarsa kofato ce. Akwai na matar da ta sayi tukunya a kasuwa, ta kai gida tukunyar ta fara yi mata magana. Na karanta shida, na kasa ci gaba, na kuma kasa mantawa.

Cikin kwana huɗu na zama abin tausayi. Ba na shiga banɗaki sai an tsaya mini a ƙofa. Na daina ɗibar ruwa a randa don kada ta kira sunana. Ranar da limamin unguwa ya zo gaida Goggo, na tsaya ina leƙen ƙafafunsa har ya tsargu ya ja rigarsa. Goggo ba ta tambaye ni komai ba. Ta dai bi sawuna bayan rumbu, ta same ni da littafin a cinya.

Washegari ranar kasuwa ce, Baba ya zo a kan babur ya duba ni. Da ya ji abin da ke faruwa, ya karɓi littafin ya nufi murhu.

Goggo ta ce, "Ina za ka da shi?"

"Wuta zan sa masa, Yaya. Ƙarya ce da shirme, ga shi ya hana yarinya barci."

"In ka ƙone na takarda, na cikin kanta fa? Shi ma wutar za ka sa mashi?"

"Ɗiyata ce, ni na san abin da ya dace da ita."

"Ɗiyarka ce a Kankia. Nan gidana ne. Kai da sai na raka ka bayan gida har ka shekara goma, wane littahi ka karanta? Aje shi nan."

Baba ya ajiye littafin a kan turmi. Ya tafi ko furar da aka dama masa bai sha ba, kuma na ji an ce wata biyu bai yi mata magana ba. Ita kuwa ko a jikinta. Ta juyo gare ni ta ce, "Tsoro baƙo ne, ɗiyar nan. In kin ba shi tabarma sai ya nemi ɗaki. Gobe da sahe za ki karanta mani, in ji abin da ya hi ƙarhinki."

Goggo ba ta yi boko ba, ko harafi ɗaya ba ta iya ba. Kullum da hantsi, rana ta fito sarai, tana murza ƙuli-ƙuli ina zaune a gefenta ina karanta mata labari ɗaya. Ba ta bari in yi layi biyar ba ta katse ni ba. Da na zo kan mai kofato ta ce, "To da wane takalmi ya taho? Ba wanda ya ga takalmin a ƙohwar masallaci?" Da na zo kan tukunya ta ce, "Da ni ce da na ji daɗi. Ta riƙa hwaɗa mani in miya ta ji gishiri." A wani labarin kura ta yi kuka sau uku a bayan gari, Goggo ta ajiye abin da ke hannunta ta ce wannan mai rubutun bai taɓa kwana a ƙauye ba, sannan ta kwaikwayi kukan kura na gaskiya har kaji suka watse. Na yi dariya har na kwanta. A kwana na uku na shiga banɗaki ni kaɗai. A na biyar na ɗebi ruwa a randa, har na leƙa ciki na ce mata sannu.

Sai muka zo labari na bakwai, wanda ni ma ban taɓa karantawa ba.

Labarin wani yaro ne da ya bi abokansa wanka a kududdufin bayan gari, ruwa ya ci shi. Duk damina, in kududdufin ya cika, sai a riƙa jin muryarsa da tsakar rana yana kira, "Inna! Inna!" Ina karantawa ina jiran Goggo ta katse ni da wata maganar ban dariya. Ba ta katse ni ba. Na kai wurin da uwar yaron take daka, ta ji kiran, taɓarya ta suɓuce daga hannunta. Na ɗaga kai. Goggo ta miƙe tsaye, fuskarta kamar ba tata ba. Ta bar mai a kan wuta, ta fita daga gidan ko mayafi babu.

Ni na sauke kaskon. Ba ta dawo ba sai bayan la'asar, idanunta jajur. Ta karɓi littafin ta shiga da shi ɗaki, ba ta sake cewa in karanta mata ba. Kwana uku bayan haka hutu ya ƙare, aka zo aka tafi da ni.

Da na ba mahaifiyata Inna labari a Kankia, ta dafe ƙirji. "Wannan kika karanta mata? Wayyo ni Allah, kin kashe baiwar Allah da ranta." A ranar na fara jin cewa Goggo ta taɓa haihuwa. Ɗa ɗaya tak, namiji, yana da shekara bakwai ya tafi wanka kududdufi da yara, sai washegari aka tsamo shi. Shekara huɗu kafin a haife ni. Tun daga ranar ba wanda ya sake ambatar sunansa a gabanta, ko a bayanta ma. Inna ta ja kunnena ta ce, "Kada in ji kin ƙara tayar da maganar nan, ko da wasa."

Ban tayar ba. Amma daga nan na fara gudun Goggo. Ban sake zuwa hutu ba. Da salla nakan shiga cikin ayarin yara in gaishe ta in fito. Da na girma na yi aure na kama aikin koyarwa a Katsina, sai aike: atamfa, sabulu, batirin rediyo. In na je, ba na yarda mu kaɗaice. Ita ma ba ta taɓa tsare ni ba. Takan dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ce, "Ki gaida maigidan." Ni kuwa na fassara wannan shirun da cewa har yanzu raunin da na fama bai warke ba.

Da aka kwantar da ita asibiti a Kankia na je da niyyar in faɗa mata komai. Ɗakin cike da 'yan dubiya. Na durƙusa a bakin gado na ce, "Goggo, ki yafe mini."

Ta buɗe ido ta ce, "Mi kika yi mani?"

Kowa ya zuba mini ido. Na ce, "Zaman tare, Goggo."

Ta ce, "Wane zaman? Yaushe rabon da ki zauna?"

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Da ita na dawo Katsina, da ita na yi ta kwana ina tashi, da ita na shigo gidan makoki.

Ranar sadakar uku, bayan an watse daga addu'a, Dada ta yafito ni. Muka shiga ɗakin Goggo, ta sa hannu cikin wata tsohuwar kwalla a saman jere, ta ciro wani abu naɗe a ɗankwali ta ɗora mini a cinya. Tun kafin in kwance na san ko mene ne.

Ta ce, "Ta ce in ba ɗiyar ƙanenta mai karatu. Ta ce kuma in hwaɗa maki ki yahe mata."

Na ce, "Ni? Dada, ni ce zan yafe mata?"

"Haka ta ce. Zauna ki ji. Ran nan da kika karanta mata, rugarmu ta taho, ba mayahi. Ta wuce ni ta shiga bukkata, ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Kin san ranar da aka tsamo yaron ba ta yi kuka ba? Mutane suka yi ta cewa kai, wannan mata da haƙuri take. Yabon nan shi ya ɗaure ta. Shekara goma sha biyar ba mai kiran sunansa, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. In an gan ta tahe ana maganar ruwa sai a canza zance. Da ta gama kukan ta sha nono ƙwarya guda, ta ce mani, ƙawa, yau ɗiyar ƙanena ta hwasa mani ƙurji. Yau zan yi barci."

Dada ta ci gaba.

"Abin da ya dame ta ɗaya ne. Ta ce ta ɗauko ki za ta cire maki tsoro, sai ta ƙara maki wanda ya hi shi. Ta ce kin ga huskarta ran nan, tun daga lokacin kike gudunta. Sau nawa tana cewa za ta yi maki magana, in ta gan ki kina sunne kai sai ta ce a bar yarinya, kada a tayar mata."

"Ba ta yi fushi da ni ba?"

"Hushi? Duk ɗan riƙon da ya iya karatu a gidan nan sai ya karanta mata labarin ga. Duk damina. Har ni na haddace shi. Na taɓa ce mata, ke da kike salla, kin san matacce ba ya kira. Ta ce, na sani, yaron ƙarya ne. Amma uwar gaskiya ce."

Ban san lokacin da na fara dariya da kuka a haɗe ba. Shekara ashirin da shida ina neman gafarar wadda ita ma tawa take nema. Na ce, "Na yafe mata, Dada. Duniya da lahira." Dada ta ce, "To, na sauke," ta tashi ta fita ta bar ni.

Na kwance ɗankwalin. Littafin da ya cika mini duniya bai kai kaurin yatsana ba. Takardar ta yi ja, tana ƙanshin man gyaɗa. Na zauna a bakin gadon Goggo na fara daga farko. Mai kofaton da ya hana ni barci, zanensa ya fi kama da bunsuru sanye da rawani. Tukunya mai magana an zana mata gashin baki. Rubutun cike yake da kurakurai irin waɗanda nake ja wa ɗalibaina jan layi a kansu, wani labarin ma mai rubutun ya manta sunan jaruminsa a tsakiya ya sake masa wani. Na yi ta neman inda tsoron yake, ban same shi ba. Abin da nake ji a kowane shafi muryar Goggo ce tana katse ni.

Shafukan labari na bakwai sun fi sauran duhu. Gefensu ya yi laushi, duk tabon yatsu masu mai. Na sami wurin da na tsaya, inda taɓarya ta faɗi, na ci gaba a karon farko.

Uwar ba ta gudu ba. Mutanen gari sun toshe kunnuwa sun rufe ƙofofi, ita kuwa ta bi muryar har bakin ruwa, ta zauna ta amsa. Ta ce masa ta ji, ba ta manta da shi ba, kuma ba ta yi fushi don ya tafi wanka bai faɗa mata ba. Ta ce ya je ya kwanta. Daga ranar ba a sake jin kiran ba. Shi ke nan labarin. Shafi ɗaya da rabi ne kacal ya rage mini a wancan hantsin.

Wani nauyi da na saba da shi har na ɗauka halittata ce, na ji babu shi.

Da la'asar na fita waje. Masu gaisuwa sun ragu, saura Baba da 'yan dattawa huɗu ko biyar. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, yaya sunan ɗan Goggo?"

Ya dube ni da sauri, kamar zai tsawata. Sai kafaɗunsa suka sauka. Ya faɗi sunan a hankali, ya sake faɗa da ƙarfi, kamar mai gwada ƙofar da ta daɗe a rufe. Ya ce, "Bahago ne. Ni na fara ɗora shi a keke." Wani tsoho a gefe ya ce ya tuna shi, yaro ne mai wushirya, ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Wani ya ce ajinsu ɗaya da ƙanensa a makarantar allo. Suka yi ta tunowa, wannan ya kawo wannan, wancan ya gyara masa. Baba na share ido da hannun riga yana murmushi. Daga ƙarshe liman ya ɗaga hannu, aka yi addu'a, aka ambaci uwa da ɗanta a jere.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, amma yanzu yana cikin addu'ata tare da nata. Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata makwanci, ya sa ɗan da ta yi shekara arba'in da ɗaya tana kewa ya zama shi ne mai tarbarta. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon faɗa wa juna magana tun muna jin juna. Amin.